HAƘƘIN YARA A DOKOKIN ƘASASHE: Doka Ba Ta Iya Kare Yaron Da Ba Ta San Shekarunsa Ba

Cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya yi a gaban taron iyaye da malamai na unguwannin Hausawa a Ikko.



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace in tsaya in yi magana a gaban waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sanin duniya. An umurce ni in yi bayani a kan yadda dokokin ƙasashe dabam-dabam suke kiyaye haƙƙin yara, watau waɗanda ba su kai munzalin girma ba a idon hukuma.

Mai yiwuwa wani ya ce, mu da muka baro gida muka zo Kurmi neman abin sawa a baka, ina ruwanmu da dokar Ingila ko ta Indiya? To, jama'a, babu waɗanda maganar ta shafa kamarmu. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, ko a Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, dokar jihar da yake kwana ita ke kansa. Ranar da aka sa shi a mota aka kai shi Kano ko Sakkwato, wata dokar ce za ta karɓe shi. In kuwa iyayensa mutanen Maraɗi ne ko Damagaram, da ya tsallaka iyaka ya shiga hannun doka ta uku. 'Ya'yanmu matafiya ne kamar iyayensu, saboda haka wajibi ne mu san abin da ke jiransu a kowane zango.

Zan kawo misalai a kan laifi, da aiki, da aure. Amma tun yanzu ina roƙo ku riƙe abu guda: ko da yake ƙasashe sun sha bamban ƙwarai, kowace dokar yara a kan shekaru aka gina ta. Yaron da ba shi da shaidar ranar haihuwarsa, ko da dokar ƙasarsa ta fi ta kowa kyau, da wuya ta amfane shi ranar da yake bukatarta.

ASALIN MAGANAR

A shekarar 1924 ne tsohuwar Majalisar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da wata 'yar gajeruwar sanarwa a birnin Janiba game da haƙƙin yara. Wata Baturiyar Ingila mai suna Eglantyne Jebb ce ta tsara ta, bayan ta ga irin yunwar da yaran Turai suka sha a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗaɗa sanarwar, a 1979 kuma aka yi Shekarar Yara ta Duniya. Duk waɗannan nasiha ce kawai, ba su wajabta wa kowace gwamnati komai ba.

Ranar 20 ga Nuwamba, 1989, aka kafa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda ita kam alkawari ce mai ɗaure duk ƙasar da ta karɓe ta. Ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashenta na 7 ya wajabta a yi wa kowane jariri rajista da zarar an haife shi. Gana ce ƙasar farko da ta tabbatar da ita, a 1990, Nijeriya ta bi baya a 1991. Ƙasashe 196 suka shiga. Amurka ta sa hannu a 1995, amma har yau majalisar dattijanta ba ta tabbatar ba, ita kaɗai ta rage cikin ƙasashen Majalisar.

Shugabannin Afirka kuma suka yi tasu yarjejeniyar a Adis Ababa a 1990, ta fara aiki a 1999. Ta Afirka ta ƙara abubuwan da suka dace da zamanmu. Ta ambaci haƙƙin iyaye a kan ɗa, cewa ya girmama su, ya taimake su in sun gaza. Ta hana sa yara bara. Ta kuma ajiye shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure.

Kada wani ya ɗauka ƙidayar shekarun yaro baƙon abu ne da Turawa suka zo da shi. Malamai da ke nan sun fi ni sanin cewa Abdullahi ɗan Umar ya nemi fita Yaƙin Uhudu yana da shekara 14, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi gida. A Yaƙin Handaƙu, yana da 15, aka karɓe shi. Halifa Umar ɗan Abdul'azizu ya riƙi wannan ya zama iyaka tsakanin yaro da babba a cikin rajistar baitulmali. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan alamun balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ita ce mashhuriyar magana. Har ila yau masu tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya yanka wa yara rabo daga baitulmali bayan yaye, da ya gane uwaye suna gaggauta yaye don su sami rabon, sai ya yi umurni a rubuta kowane jariri tun daga haihuwa. Ashe rubuta sunan jariri a littafin hukuma tsohuwar al'adar Musulunci ce.

YARO DA LAIFI

Mu fara da wuri mafi zafi. Yaro ya yi laifi, 'yan sanda sun kama shi. Daga shekara nawa hukuma za ta ɗauke shi a kan mai laifi?

A Ingila, daga shekara 10 ne. A 1993 wasu yara biyu, masu shekara goma-goma, suka kashe wani ƙaramin yaro kusa da Libaful. Aka yi musu shari'a a babbar kotu irin ta manya, a bainar jama'a. A 1999 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa shari'ar ba ta yi adalci ba, domin yaran ba su iya fahimtar abin da ake yi da su a irin wannan zaure ba. Sikotilan, wadda ke ƙarƙashin sarauta ɗaya da Ingila, ta ɗaga tata iyakar zuwa 12. A Jamus 14 ce, a Norwe 15. Gana ta tsaya a 12, Nijar a 13. Afirka ta Kudu ta ɗaga daga 10 zuwa 12 a 2022. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yarjejeniyar yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada ta gaza 14.

Mu fa? Tsofaffin kundayen laifuffuka da muka gada, na Kudu da na Arewa, duka biyu sun ce yaron da bai kai 7 ba ba shi da laifi ko kaɗan, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuma sai an tabbatar ya san abin da ya aikata mummuna ne. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta zo da babban gyara. Ta ce duk wanda bai kai 18 ba, kotun iyali ce za ta ji maganarsa. Ba a kai shi kurkukun manya, ba a yi masa bulala da sunan hukunci, ba a yanke masa hukuncin kisa. In ya zama dole a tsare shi, akwai gidajen horon yara, irin na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna da Ilori da Abekuta.

Amurka, duk da ba ta shiga yarjejeniyar ba, a can aka buɗe kotun yara ta farko, a Cikago, a 1899. Amma sai a 2005 Kotun Ƙolinta ta hana zartar da kisa a kan wanda ya yi laifi kafin ya cika 18.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya, ƙasa mai ɗimbin jama'a, inda mutanen ƙauye ke kwarara birane neman aiki. A Disamba 2012 wasu mutane suka yi wa wata ɗaliba aika-aika cikin wata motar bas a Delhi, ta rasu daga baya. Huɗu daga cikinsu aka rataye su a 2020. Ɗaya kuwa, rajistar makarantar ƙauyensu ta nuna bai cika 18 ba, saboda haka aka ba shi shekara uku a gidan horo, iyakar abin da dokar lokacin ta yarda. Jama'a suka fusata, har aka sake doka a 2015, aka yarda a yi wa ɗan 16 zuwa 18 shari'ar manya in laifin ya yi muni ƙwarai. Abin lura shi ne, sabuwar dokar ta jera yadda za a tabbatar da shekaru: da farko takardar makaranta, in babu sai takardar haihuwa, in ita ma babu sai likita ya duba ƙashi ya ƙiyasta. Ƙiyasin likita kuwa yana iya kuskure da shekara ɗaya ko biyu. Tsakanin igiya da gidan horo, wani layi ne guda a littafin malamin firamare ya raba.

Ba sai mun je nesa ba. A farkon Nuwamba 2024 aka gurfanar da wasu yara, akasarinsu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan sun yi kusan wata uku a tsare saboda zanga-zangar watan Agusta. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka yi ta gardama a kan ko yara ne ko manya, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake su. Ku yi tunanin ɗan shekara 16, dogo, mai gashin baki, da aka kwasa a samamen dare a bakin kasuwa a nan Ikko. In ɗan sanda ya rubuta 19, wa zai musa? Uban da ya je caji ofis da takardar haihuwa a aljihu, maganarsa gajeruwa ce. Wanda ya je yana cewa an haifi yaron shekarar da aka yi ambaliya, zai daɗe yana zarya.

YARO DA AIKI

Sai mu juya ga aiki. A farkon ƙarni na 19, yara 'yan shekara shida da bakwai suna aiki a masaƙun Ingila tun asuba har dare. A 1833 majalisarsu ta hana ɗaukar wanda bai kai 9 ba a masaƙa, ta ce ɗan 9 zuwa 13 kada ya wuce awa tara a rana, a kuma ba shi karatun awa biyu. Aka naɗa sufetoci huɗu kacal su zaga ƙasar duka. Nan da nan sufetocin suka gamu da irin matsalarmu: babu wanda ya san shekarun yaran. Iyaye matalauta suna ƙara wa 'ya'yansu shekaru don a ɗauke su, masu masaƙa suna kawar da kai. Sai a 1837 aka fara rajistar haihuwa ta hukuma, a 1874 aka yi dokar da ta ɗora wa iyaye nauyin kai rahoto, a 1880 aka tilasta karatun firamare. Da waɗannan uku suka haɗu, watau doka, da rajista, da makaranta, sannan ne masaƙu suka fara rabuwa da yara. Kusan shekara hamsin aka yi ana wannan aiki.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ajiye shekara 15 don fara aiki a yarjejeniyarta ta 1973, ta yi wa ƙasashe matalauta rangwame zuwa 14. A 1999 ta yi wata don hana ayyuka mafiya muni. Nijeriya ta karɓi duka biyun a 2002. Dokar Yara ta Gana ta 1998 ta fayyace abin sarai: aiki mara nauyi daga 13, cikakken aiki daga 15, aiki mai haɗari sai 18. Indiya ta wajabta karatu kyauta daga 6 zuwa 14 a 2009, a 2016 kuma ta hana ɗaukar wanda bai kai 14 ba aiki, amma ta bar ƙofa ga yaron da ke taimaka wa sana'ar gidansu bayan ya taso daga makaranta.

Ƙasashe biyu na Kudancin Amurka sun bi hanyoyi mabambanta. Bolibiya ta ce tun da talauci ya sa yara suna aiki ko an hana, gara a halatta a sa ido. A 2014 ta yarda yaro ya yi aikin kansa tun yana ɗan 10. Kotun tsarin mulkinta ta rushe wannan, a 2018 aka koma 14. Birazil kuwa, a 2003, ta kafa shirin ba iyalai matalauta kuɗi kowane wata, bisa sharaɗin yaro ya riƙa zuwa makaranta, a kuma yi masa rigakafi. Watau gwamnati ta gane cewa uwar da ta ɗora wa 'yarta tire ba mugunta ce ta sa ta ba, saboda haka ta maye mata gurbin cinikin. Amma ko a can, sai sunan yaro yana cikin rajista ake biya.

A gida, maganar ta tsufa. Tun 1943 Turawan mulki suka kafa dokar yara da matasa a Ikko, wadda ta taƙaita tallar yara, musamman mata, a titunan birni. Dokar 2003 ta hana sa yaro talla a manyan tituna ko bara, ta hana ba da shi aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar wanda bai kai 12 ba aikin gida laifi mai kai mutum kurkuku. Ina jawo hankalin iyayenmu mata a nan. Al'adar a aiko wa Hajiya yarinya daga gida ta riƙa taya ta aiki, a da zumunci ne, har yau ma a gidaje da yawa zumunci ne. Amma in yarinyar ba ta zuwa makaranta, an kuma yi mata tabo a jiki, maƙwabciya ta kai ƙara, hukuma ba za ta kira shi riƙo ba.

Game da karatu, manyanmu suna tuna shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Dokar 2004 ta wuce nan, ta wajabta shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi. Batun almajirai ma ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Senegal, ƙasar manyan shehunai, ta hana sa yara bara da doka a 2005, a 2016 ta fara kwashe su daga titunan Dakar, amma da yawa suka koma, domin ba a tanadi abin da zai ciyar da tsangayun ba. A nan, a 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali cikin manyan motoci. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Darasin Senegal da na Birazil ɗaya ne: hani kaɗai ba ya cika ciki.

YARINYA DA AURE

Na san wannan magana tana da nauyi, malamai kuma suna da bayani a kanta wanda ya fi nawa. Nawa shi ne in faɗi abin da dokoki suka ce.

Ana yawan zaton Turawa sun daɗe da gama wannan batu. Ba haka ba ne. Sai a Fabrairu 2023 Ingila ta ɗaga shekarun aure daga 16 zuwa 18. A Amurka kowace jiha da tata dokar, kamar mu. Sai a 2018 aka sami jiha ta farko, Delawa, da ta hana auren wanda bai kai 18 ba kwata-kwata.

Ƙasashen Musulmi fa? Maroko, 'yan'uwanmu a mazhabar Malikiyya, sun ajiye 18 a dokar iyali ta 2004, suka bar wa alƙali ikon yin rangwame bayan bincike. Masar ta hana rubuta auren wanda bai kai 18 ba a 2008. Indunisiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, ta mai da shi 19 ga mace da namiji a 2019. Saudiyya, a dokarta ta 2022, ta ajiye 18, wanda bai kai ba sai kotu ta duba maslaharsa ta yarda. Cadi ta ajiye 18 a 2015. Kundin da Nijar ta gada daga Faransa ya ce 15 ga mace, 18 ga namiji, ko da yake yawancin aure a can bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Hujjar da waɗannan gwamnatoci suka fi kawowa ita ce lafiya da karatu: yarinyar da ƙugunta bai gama faɗi ba, in naƙuda ta yi tsawo ba likita kusa, tana iya gamuwa da yoyon fitsari, ko ta rasa ranta.

A Nijeriya dokar 2003 ta ce 18, ta sa tarar N500,000 ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyu, ga wanda ya aurar ko ya aura. Sai dai tsarin mulkinmu bai sa al'amarin yara cikin ikon Tarayya ba, saboda haka dokar a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta kafa tata. Jihar Legas ta kafa a 2007, Kano sai a 2023. Wasu jihohin Arewa sun gyara sassan da suka shafi aure don su dace da fahimtar malamansu. Sakamakon haka, auren da aka ɗaura a wani gari ba wanda ya ce uffan, in aka ɗaura irinsa a Agege yana iya kai waliyyi gaban alƙali. Magabata sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Baƙo ba ya jayayya da dokar masaukinsa, rashin sani kuma ba ya zama hujja a kotu.

TAKARDA GUDA

Jama'a, kun ji lambobi da yawa: 7, da 10, da 12, da 15, da 18. Kowace ƙasa ta zaɓi nata bisa tarihinta da addininta da arzikinta, har gobe kuma ana gardama a kansu. Amma ko wace lamba aka zaɓa, sai an san ranar da aka fara ƙirga.

Dokarmu ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Rajistar jariri cikin kwana 60 kyauta ce, akwai ma'aikatan hukumar a asibitocin gwamnati da sakatariyar ƙananan hukumomi. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Wani binciken na 2021 ya sami kashi 57. An ci gaba, amma kusan rabin yaranmu hukuma ba ta san da zuwansu duniya ba. Yaran da aka haifa a gida, a hannun ungozoma, su suka fi faɗawa cikin wannan rabi, mu kuwa mun san inda yawancin matanmu suke haihuwa.

Katin awo na asibiti ba takardar haihuwa ba ne. Takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu bayan yaro ya girma ba ta kai ta ƙarfi ba, domin kowa ya san ana rantsuwa a kan shekarun da ake so. Tun 2021 kuma ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ga ɗan ci-rani akwai ƙarin dalili. Takardar tana ɗauke da sunan uba da uwa da inda aka haifi yaro. Ranar da wani ya kalli ɗanka ya ce baƙon haure ne, ita za ta amsa masa.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ga Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku: a kowace unguwa a ajiye littafi a fada, duk sunan da aka raɗa a rubuta shi da kwanan wata, a kuma gayyato ma'aikatan Hukumar Ƙidaya su riƙa zuwa lokaci-lokaci suna yi wa yaran da aka tsallake rajista. Duk yaron da aka kama daga unguwa, wakilin Sarki ya bi sawu tun a ranar, da takardarsa a hannu, ya nemi a kai shi kotun iyali.

Ga malamanmu, Allah ya gafarta muku: limamin da ya zo raɗa suna ya tambayi mai jego ko an yi rajista, kamar yadda yake tambayar ko an yanka rago. Malamin tsangaya kuma ya rubuta sunan kowane almajiri, da na mahaifinsa, da garinsu, da shekarar haihuwarsa, kada ya karɓi yaron da ba a san wanda ya kawo shi ba.

Ga iyaye: wanda zai aika ɗansa gida karatu ko riƙo, ya bar ainihin takardar a akwatinsa, ya haɗa yaron da kwafi. Wadda aka aiko wa yarinya, ta sa ta makaranta tare da 'ya'yanta, abin da suka ci ta ci. Shugabannin 'yan kasuwa a kara da wajen 'yan gwari da tashoshin mota, ku dubi yaran da ke dako a gabanku. Ɗan shekara goma da ke ɗauke da buhun albasa, gobe da sunan Bahaushe za a kira shi, ko ya zama abin alfahari ko abin kunya.

Ga 'yan majalisarmu na jihohi da na Tarayya, waɗanda ƙuri'unmu suka kai su: dokar da ba a ware mata kuɗi ba, ba a gina mata kotu da gidan horo da aji ba, takarda ce a cikin durowa. Sufeto huɗu ba su ishi Ingila ba a 1833, kaɗan ɗin da muke da su ba za su ishe mu ba yau.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, an kuma ce ɗa na kowa ne. Amana ce Allah ya ba mu, za a kuma tambaye mu. Wanda ya koma gida daren nan ya ƙirga 'ya'yansa, ya ƙirga takardunsu. In lissafin bai zo daidai ba, ofishin ƙaramar hukuma yana buɗewa ranar Litinin da ƙarfe takwas.

Allah ya raya mana zuriya, ya shirye su, ya kare su daga sharrin zamani. Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.